Ranar da Iya ta kira sunan ɗanta

Wata Asabar ce da damina, shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. An yi ruwa da asuba, indararon gidanmu na Sheshe bai gama ɗiga ba. Ina da shekara tara, ina tsugune bakin rijiya ina wanke-wanke, sai ga Iya ta fito daga ɗakinta da baƙin zanenta na saƙi, wanda sai salla take ɗaura shi, ta yafa mayafi, ta dogara sanda. Duk gidan aka tsaya, don ta daɗe rabonta da ta taka ko soro.

Iya ita ta haifi Malam, baban babana. Mu tattaɓa-kunnenta ne. Ba wanda ya san shekarunta, takan dai ce lokacin da Turawa suka shigo Kano ta isa aike. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, na ƙarshen yana goye. Da ta fita takaba manema suka zo, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki mazari. Da kaɗi ta ciyar da su har suka zama mutane. Mu ma da muka taso a gabanta muke wuni bayan shara da surfe, mu gurza auduga, mu shiɓe, ita tana shafa alli a yatsa tana murza mazari, zare na sauka siriri kamar gashi. Hankalina kuwa yana lungu wurin masu gala-gala. Takan ɗaga nawa zaren ta ce, "Ƙawata, wannan ai sai ɗaurin akuya."

To, Malam shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana ido da ido. Ga shi da furfura, ga jikoki, amma in tana da magana sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutumin can ɗakina na yoyo." Yana tsaye a wurin zai ji, ya sa a gyara.

A shekarar aka ce mata ma su fito su jefa ƙuri'a. An rubuta matan gidanmu, amma katunan na aljihun Malam, ya kuma yanke cewa ba macen da za ta je ta yi layi a titi maza na kallo. Innata ta so zuwa ƙwarai, ta kwana biyu ba walwala, amma wa zai buɗe baki?

To, ran Asabar ɗin nan, ranar zaɓe, da Malam ya shigo ɗaukar laima ya ga Iya a tsaye, sai ya dubi babana.

"Ina Iya za ta cikin caɓin nan?"

Iya ta dubi bango. "A gaya wa mutumin can ya ba mata katunansu."

"A gaya mata ƙafarta ba za ta kai ba. Kuma na riga na yi magana."

Sai Iya ta juyo a hankali, ta dube shi tsakiyar ido.

"Habu."

Wallahi ni ban ma san wa ake kira ba, har waiwaye na yi.

"Habu, ranar da ubanka ya rasu, maza suka zauna a soron nan suka yanke komai, har ku suka so rabawa, ba wanda ya leƙo ya ce me kika gani. Yau an aiko ana tambayata. Zan je in amsa, kuma da matan nan zan je."

Malam ya durƙusa cikin caɓi da farar rigarsa, ya zaro katunan ya miƙa da hannu biyu. Shi ya riƙe mata laima har makarantar da ake zaɓen, mata na biye, ni ina ɗauke da kujerarta. Sau uku ta zauna ta huta a hanya. Da muka isa layi ya dare, tsofaffin unguwa suna "Sannu Iya, Allah ya ƙara lafiya." Ta fito da tawada a babban yatsa. Babana ya tambaye ta wa ta zaɓa, ta ce, "Wanda ya tambaye ni na riga na gaya masa."

Ba ta ƙara kiran sunan ba har Allah ya karɓi abarsa bayan damina uku. A wurin zaman makoki na ji Malam yana gaya wa babana cewa ya shekara saba'in bai san yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba, sai ran nan.

Yanzu an raba gidan, an yi masa siminti, ɗakin Iya ya zama shago. Jikokina ranar zaɓe sai su ce layi da tsawo, rana da zafi, su koma kan waya. Ba na yi musu faɗa. Nakan ja gwiwoyina in tafi ni kaɗai. Sai da na haifi nawa ɗan farin na san nauyin abin da Iya ta ɗauka a bakinta.