Dutsen Murhu Ba Ya Shan Miya

A gidanmu na ƙauye, da an idar da magariba Iya, kakata ta wajen uba, takan jawo kujerarta 'yar tsuguno bakin murhu. Wutar tuwo ta riga ta lafa, sai garwashi, mu kuwa jikoki mun kewaye ta muna tura gyaɗa cikin toka. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Cewa take, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Akwai guda ɗaya da na fi riƙewa. Wai ranar wani biki aka ɗora babbar tukunyar miya. Ludayi yana shiga yana fita, kowa na yabonsa, har kansa ya kumbura. Sai ya leƙo ƙasa ya ce wa duwatsun murhu, "Ku dai kun ji kunya. Shekara da shekaru a gindin tukunya, bayanku ya yi baƙi ƙirin, ko ɗanɗane ba ku taɓa yi ba." Manyan biyu suka ci gaba da riƙon tukunya. Ƙaramin ya ji zafi, ya mirgina ya bar wurin. Tukunya ta karkace, miya ta fara tsiyaya cikin wuta, ludayi ya faɗa toka yana kururuwa. Dutsen ya tsaya daga nesa ya ga 'yan'uwansa biyu suna nishi, sun ƙi saki. Sai ya mirgino ya koma ya sa kafaɗa.

Na ce, "Iya, to an ba shi miyar daga baya?"

Ta harare ni. "Ke dai cikinki ya fi kanki aiki. Dutse na shan miya ne? Ba don ludayi ya dawo ba, ƙawata. Wurinsa ne, wa zai kore shi? Ƙurunƙus, kowa ya naɗe tabarmarsa."

Na tafi da haushin wannan ƙarshen. A ganina an cuci dutse.

Shekaru suka ja, aure ya kawo ni Doha, inda Malam ke gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. A unguwar Old Airport muka rene yaranmu. Sani, na biyunsu, tun yana ƙarami jiki gare shi, ƙofar ɗaki ma sai ya ɗan karkace. Da ya tafi jami'a a Amurka, mai horar da 'yan ƙwallonsu ya gan shi ya ɗauke shi. Ba irin ƙwallonmu ba ce. Tasu doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake gudu da ita, kowa da hular kwano.

Shekarar da ya fara shiga fili sosai ita ce shekarar korona. An rage musu wasanni, an hana 'yan kallo, sai hotunan mutane na kwali da aka jera a kujeru. Yau a ce wane ya kamu, gobe a ce an ɗage wasa. Kashi kuwa sun sha shi har ba a magana. Mu ma nan muna kulle. Da safe in na gama shara sai in buɗe abin da ya turo mini a waya. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sannu nake bin rubutu, amma lamba sittin da huɗu da ke bayan rigarsa ba ta taɓa ɓace mini ba.

Abin da na lura, ba a ba shi ƙwallon. Wasa bayan wasa, sai dai ya duƙa, ya tashi, su yi karo da wani ƙato. Na kira shi na ce, "Wariya suke nuna maka ne? Ka gaya mini." Ya yi dariya ya ce, "Umma, aikina ke nan. Ni katanga ne. Ina tare mutane don mai ƙwallon ya wuce. In na taɓa ta ma laifi ne."

Da kakar wasannin ta ƙare babu dariya a muryarsa. Ya ce ya gaji, kafaɗarsa na ciwo, ba a ci ba, ba a san da shi ba, abokansa na Doha ma tsiya suke masa wai ɗan dako ne. Zai ajiye hular.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na danna waya na ba shi tatsuniyar Iya tun daga "ga ta nan tafe." A ƙarshe na ce, "In jikinka ne ya ƙi, ka bari, Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma in bakin mutane ne, ban yarda ba. Ba su suka ba ka wurin ba." Bayan kwana huɗu ya turo hoton takalmansa a bakin fili.

Lokacin gasar cin kofin duniya, gari ya cika, kowa ba shi da zance sai wa ya ci. Muna dawowa daga unguwar Mushairib a jirgin ƙasa da maƙwabciyata Maman Rahila, ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, sai ta zungure ni. "Maman Sani, shi naku gwanin ƙwallo nawa ya ci ne a shekara uku?"

Na ce, "Ko ɗaya. Bai ma taɓa ta ba."

"To me yake yi?"

"Abin da kika yi a asibiti lokacin korona. Wa ya kira sunanki?"

Ta ce, "Khalas, shi ke nan, kin gama da ni."

Yanzu na gane Iya ba haƙuri take koya mana ba, taurin kai ne. Har yau ina ganin da an ɗan ɗiga wa dutsen miya, ba abin da zai ragu. Amma ba a ɗiga ba, kuma yana nan inda yake.