Ni Na Ce Ka Ajiye Allurar

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, babbar 'yarka ta buga mini waya ta ce, "Kawu, Baba ya rasu." Mai Agogo, maƙwabcina na shekara goma sha tara, yayana da ba mu haɗa uwa ba, haka ka tafi ban ga fuskarka ba. Dokar kullen annobar nan ta hana ni ko raka ka.

Yau kwana takwas ke nan. Ina rubuta wannan ne a ɗakin da na killace kaina. Zazzaɓi ya kwana biyu a jikina, ko loma ɗaya ta ƙi zama a cikina, ga allurar insulin ɗina ta ciwon suga a kan tebur. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Katako ne kawai ya raba shagon askina da shagonka na gyaran agogo. Kai ba ka son hayaniya, ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa ka raɗa mini Sarkin Surutu. Ranar da likita ya ce ina da ciwon suga, shagonka na fara shiga, ina ta lissafo waɗanda aka yanke wa ƙafa. Ka bar ni na gama, sannan ka cire gilashin duba agogo daga idonka ka ce, "Zauna, ƙanena. Shekara goma nake tare da shi, kuma har yanzu ina ganin ƙusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba." Ka aika aka sayo lemon ɓawo, a jikinsa ka koya mini yin allura, ina sokawa ina runtse ido, kana dariya.

Tun daga ranar, kullum ƙarfe ɗaya sai ka ƙwanƙwasa katakon nan sau uku, wato in ajiye almakashi in ci abinci. Sau biyu kana kama ni da kwalbar lemon zaƙi a ƙarƙashin tawul. Ba ka yi faɗa ba, kwalbar kawai ka ɗauke ka ba mai gadi. Tsofaffi nawa ka saita wa ƙararrawar agogo don lokacin shan magani? Ko a layin asibiti aka tarar da kai, sai a gan ka durƙushe kana nuna wa wani yadda zai riƙa duba tafin ƙafarsa.

Shekara huɗu da suka wuce, wata rana ƙarfe ɗaya ta yi ban ji ƙwanƙwasa ba. Na bar mutum da rabin aski na leƙa, na tarar da kai a ƙasa, gumi ya jiƙa rigarka sharkaf, idonka a buɗe amma ba ka gane ni ba. Ka yi allura, wani ya tsare ka da aiki ba ka ci abinci ba, suga ya faɗi. Da ƙyar aka ceto ka. Daga ranar muka kafa wa kanmu doka, in ba a ci ba, ba allura. Ba mu tambayi kowa ba. Abin da idonmu ya gani muka riƙe, muka fi tsoron saukar suga a kan hawansa.

Sai annoba ta zo. Aka rufe shaguna, ɓangaren da ake duba mu a asibiti aka mayar da shi na masu sabuwar cutar, aka ɗage ranakun ganin likita. 'Yan takardun nan da muke ɗiga jini a kai don gwaji suka ɓace daga kemis. Duk wanda ya buɗe rediyo, abu ɗaya yake ji, masu ciwon suga ne cutar ta fi kwasa. Duk da haka kowace safiya sai ka kira ni ka ji me na ci, ka tambaya ko na zagaya tsakar gida.

Ranar wata Alhamis ka kira muryarka a dishe.

"Ƙanena, zazzaɓi. Tun jiya ban iya cin komai ba, takardun gwajina kuma sun ƙare. Ga allura a hannuna, in yi?"

"Haba Yaya! Ka manta yadda na tsince ka? Ajiye ta har ka ci wani abu."

"To, na ajiye."

Ko numfashi ban ja ba na ba ka wannan amsa. Washegari ma haka na ce, ranar Asabar ma haka. Maiɗakinka ta ce kana ta shan ruwa kamar rariya, kana amai, numfashinka na fita da ƙarfi. Ta so kiran motar asibiti ka hana, ka ce duk wanda motar nan ta ɗauka iyalinsa ba sa sake ganinsa. Ni da ya kamata in tsawatar maka, sai na ce a ɗan ƙara haƙuri. Ranar Lahadi aka ɗauke ka ba ka san inda kanka yake ba.

Bayan rasuwarka 'yarka ta gaya mini abin da likita ya ce. Cutar ba ta ci huhunka sosai ba, suga ne ya hau har ya ɓata jini. Ashe zazzaɓi da kansa yana tayar da suga, ko mutum bai ci komai ba. Ashe ba a yanke allura don rashin ci, likita ake kira ya faɗi adadin da za a yi. Ta ce, "Kawu, Baba da bai taɓa tsallake allura ba, wa ya ba shi wannan shawarar?" Ni Sarkin Surutu, sai na kauce wa tambayar. Mahaifiyarta kuwa har yau kanta take zargi, wai da ta matsa maka ka ci, da ka yi allurar.

Takardun gwajin da yarinyar nan ta sha yawon nema sun iso kwana ɗaya bayan an binne ka. Ni ta aiko wa da su. Da su na gwada yau da safe, na ga suga ya hau har ɗari uku da tamanin. Na kira likita, ta faɗi adadi, na yi allurar a tsorace, don har yanzu kai nake gani kwance a ƙasan shago. Na sake gwadawa bai sauka ba, ga amai. Ta ce in haɗa kayana, motar asibiti za ta zo kafin la'asar.

Ga masu irin ciwonmu, ina roƙonku kada ku yi wa juna likitanci don ƙauna. In jiki ya yi zafi, ku kira masana tun ranar farko.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace ƙwanƙwasa da ka yi mini ta zame maka lada. Allah Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙurin rashinka, Ya yaye mana wannan annoba.

'Yata, 'yar Yayana, ga amsar tambayarki. Ki gaya wa mahaifiyarki ba ta da laifi, ni ne. Ga ƙarar motar nan a bakin ƙofa. In za ku iya yafe mini, ku yafe yau, kada ku jira sai na dawo.