Doyar da Mama Ta Riga Ta Daka

Har gobe ban manta da ranar Talatar da doya ta kusa cinye wa ɗaliban jami'armu kujerarsu ba. Ku da kuka shigo ƙungiyar ɗalibai bana, ku matso ku ji.

Idan wa'adin shugaban jami'a ya ƙare, majalisar gudanarwa takan tallata gurbin, ta tace masu nema har su koma uku, sannan kwamiti ya zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu tambayoyi, ya ba su maki. A da, mu ɗalibai sai dai mu tsinci sakamako a bakin 'yan okada. Bayan dogon ja-in-ja aka ba mu kujera ɗaya ta ɗan kallo. Ba mu da ƙuri'a, amma wakilinmu zai ga komai, ya sa hannu a takardar maki, ya dawo ya faɗa wa ɗalibai. Rajistara, wato babban magatakardan jami'a, ya ce gwaji ne, in an samu matsala sau ɗaya an rufe zancen.

Ni aka zaɓa, ina da shekara sha tara, ina aji biyu. Ayuba, shugaban ƙungiyarmu, ya ce, "Rahila, bakinki ba shi da murfi, shi muke nema."

Ranar Juma'a aka ba ni takardar da kowane ɗan kwamiti zai cika: in ka karɓi kyauta daga ɗan takara ko iyalinsa, sai ka bayyana. Na yi dariya, don ni ko ledar fiyawata ba wanda ya taɓa saya mini. Asabar na tafi gida Kagoma. Mama ta daka sakwara da miyar agushi, na ci malmala uku, ina neman ta huɗu na ce, "Mama, wannan ba doyar gonarmu ba ce."

"Matar Farfesa ne ta aiko, na zumuntar mata ɗinmu a coci. Ta ce a gaishe ki da kyau."

Farfesan garinmu yana cikin mutum ukun nan. Nan take na janye hannuna daga kwanon.

"Mama, sai a mayar!"

"A mayar da me? Wanda ya shiga ciki? Ke kin taɓa ganin an mayar wa mutum doyan kaka a garin nan? Kina so a ce gidanmu mun raina mutane?"

Gaskiya take faɗa. A wajenmu, da an fara haƙar sabuwar doya ake aika wa 'yan uwa da abokan arziki, kuma mayar da ita daidai yake da cewa zumunci ya ƙare. Sai dai shekara ashirin suna coci ɗaya, matar Farfesa ba ta taɓa aiko mana ko ɓawo ba sai bana.

Na koma makaranta ina ramewa a kan okada. Ngozi, abokiyar ɗakina, ta ce, "Ki yi shiru mana. Doya yana magana ne?" Doya ba ta magana, amma ɗan okadan da ya kai ta gidanmu yana yi, kuma a tashar Kafanchan yake tsayawa, inda 'yan makarantarmu suke hawa okada. In na faɗa, Rajistara ya samu matsalar da yake jira. In na ɓoye aka gano, kujera ta tafi, sunana ya bi ta. Litinin na wuni a aji ban ji kalma ɗaya ba.

Talata ƙarfe tara muka zauna, mutum goma sha ɗaya, ni kaɗai ce ba furfura. Shugaban kwamiti, wani dattijo mai maganar sanyi, ya ce a miƙo takardu. Na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, na ci doya."

Ya sauke tabarau. "Allah ya sa ta yi daɗi, 'yata. Ta wa?"

Na kwashe labarin kaf na faɗa, har da malmala ukun. Rajistara ya ce, "Ai na faɗa, yara ba su..." Dattijon ya ɗaga masa hannu, ya sa a rubuta, sannan ya dubi teburin.

"To, wa kuma ya ci doya?"

Can sai wata Farfesa ta gyara ɗankwali ta ce an kai mata buhun citta daga ɗan takara na biyu. Wani ya tuna akuyar da aka kawo bikin 'yarsa. Daga ƙarshe Rajistara ya yi tari ya ce, "Zuma. Kwalba ɗaya. Ƙarama ce."

Aka rubuta duka, aka karanta wa 'yan takara ukun, aka manna a allon sanarwa. Duk wanda ya karɓi abu aka cire shi daga ba wa mai kyautar maki. Ni kuma aka bar ni a kujerata, na ga komai, na sa hannu, da yamma na karanta wa ɗalibai sakamakon a filin ƙwallo.

Farfesan garinmu shi ya zo na biyu. Wata huɗu matarsa ba ta amsa gaisuwar Mama a coci ba, Mama kuma ta sauke fushin a kaina har Kirsimeti.

Abin da na koya shi ne, manyan nan ba dodanni ba ne. Mutanen gari ne kamarmu, kunyar mayar da alheri take ɗaure musu baki, kowa yana jiran wani ya fara. Ranar nan mafi ƙanƙanta a ɗakin ce ta fara, kuma da rawar murya ta fara.