Duba Shafi na Arba'in da Bakwai

Shekara ashirin da takwas Mama ta yi tana gyaran rubutu a gidan buga littattafai. Aikinta na ƙarshe a kan kowane littafi shi ne ta bi duk inda aka ce "duba shafi na kaza", ta buɗe ta tabbatar abin yana can. Abokan aikinta sun sha wuya a hannunta. A ƙara layi biyu lambobi su gusa, sai ta ce a sake bi daga farko. "Mutum ya yarda da kai ya juya shafi, ya tarar wayam?" in ji ta.

A gida kuma akwai Yaya, ɗanta na fari, shekararsa arba'in da ɗaya, bai taɓa magana ba. Ita kaɗai ke gane shi. Da likita ya gaya mata ciwonta ba na tashi ba ne, sai ta sayi littafin rubutu mai baƙin bango, ta sa wa shafukan lamba, ta fara rubuta min yadda ake kula da shi. Ni haushi ma abin ya ba ni.

"Mama, ki gaya min da baki mana."

"Bakin tafiya zai yi, 'yar nan. Miƙo min biro."

Bayan rasuwarta Yaya ya dawo hannuna, ya daina cin abinci. Kwana huɗu, sai ruwa. Yana zaune bakin gado, leɓɓansa sun bushe. Tsoro ya kama ni sosai.

Na buɗe littafin. Shafi na tara ya ce in duba haƙoransa, in lafiya lau ne in je na ashirin da biyu. Can ta ce a kashe rediyo, a ba shi cokalin roba. Na yi, ya kau da kai. A ƙasa ta rubuta, duba shafi na arba'in da bakwai. Na ja tsaki na ce, "Mama, har yanzu aikena kike yi?"

Layi huɗu ne a wurin. "In duk bai yi ba, ni yake jira. Na san za ki ce masa na yi tafiya. Kada ki yi. Zauna ta hagunsa, kunnen dama ba ya ji, ki gaya masa gaskiya."

Tafiyar kuwa na ce masa ta yi, tun ranar farko.

Na zauna ta hagunsa. "Yaya, Mama ta rasu. Ba za ta dawo ba. Ni ce nan."

Ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, na riƙe shi muka yi tare. Da ya lafa, ya buɗe baki, na ba shi loma ta farko.