Bidiyon da Baba Sa'idu Bai Ƙarasa Ba

Da hantsin ranar Laraba, ina cikin canza wa wata tsohuwa zanin gado a asibitin da nake aiki, waya ta dame ni da ƙara a aljihu. Na fita baranda na ɗauka. Hajiya Rabi ce, matar Baba Sa'idu. Ta ce, "Hadiza, Babanku ya rasu."

Na ce, "Wane Baban?" Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Ta ce ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa yana hanyar zuwa aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da muka haɗu da shi jiya-jiya a matakalar bene, ya karɓe min ledar cefane ya hau da ita har ƙofata, ko haki bai yi ba. Na zauna daɓas a ƙasa da kayan aiki a jikina. Har yau da nake wannan rubutu zuciyata ba ta gama yarda ba.

Baba Sa'idu ba ɗan'uwana ba ne na jini. Maƙwabcinmu ne a nan ƙasar waje, a unguwar Mount Hope, benen da ke saman namu, kuma direba ne a wani ofishin jakadanci a Manhattan. Daga yankin Malumfashi ya fito kamar ni, shi ya sa tun zuwana ya ɗauke ni 'ya. Shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Idan baƙo ya sauka daga gida, shi ke raka shi ya koya masa hawa jirgi da bas har sai ya gane hanya. Idan na yi wa yarana tsawa don na yi musu Hausa sun amsa da Turanci, sai ya ce, "Ƙyale su, Hausar tana kunne, wata rana za ta sauko baki." Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ni kuwa kowa ya san ni da saurin hawa.

Bara ya tafi hutu gida, amma hutun suna ne kawai. Ya bi gari-gari da kyamara yana shiga gidajen iyayenmu, mu da rashin takardun zama ya hana zuwa gida. Da ya dawo ya sayi sabuwar kwamfuta ya kafa ta a lungun falo. Hajiya Rabi ta yi ta tsokanarsa, wai tsofai-tsofai da shi ya koma ɗan fim. Shi kuwa ya duƙufa. Ya koyi yanka bidiyo da haɗa shi, ya koyi ɗora rubutu da murya, ya koyi sa hoto ya matso a hankali har fuskar mutum ta cika allo. Yakan ce, "Hoto ɗaya bebe ne, sai ka jera shi da ɗan'uwansa yake magana." Duk gidan da ya gama nasu, sai ya kira su ranar Asabar bayan la'asar, a sha shayi a kalla. Na ga wani ƙato daga unguwar Soundview yana sharar hawaye a falon nan don ya ga rijiyar gidansu.

Nawa ne ya rage, kuma nawa ba na nishaɗi ba ne. Ni 'yar fari ce. Innata ba ta faɗar sunana, ba ta hira da ni, haka na taso kuma na san alkunya ce. Amma mahaifina ya rasu ina nan ban je ba, shekaru suka yi ta tafiya. Idan na kira waya sai ta ce, "Ya yaran?" ta miƙa wa ƙanena. Sai na kasa bambance kunya da fushi. Abin ya tsaya min a rai, ina tsoron ɗayanmu ya mutu ban san matsayina a wurinta ba. Baba Sa'idu kaɗai na gaya wa, kafin ya tafi.

Da ya dawo ya ce min, "Na je, na ga Inna. Amsarki tana ciki, amma sai na gama." Haba, ai kuwa na hana shi sakat. Na ce, "Baba, don girman Allah turo min haka nan ta waya, ni ba fim na ce ka haɗa min ba." Ya yi dariya ya ce, "Ke dai akwai wutar ciki. Ba a kwashe tuwo bai dahu ba don baƙo na sauri. Asabar ki hawo." Ran Litinin muka yi haka da shi.

Aka yi masa sallah, maza suka kai shi makwancinsa, muka zauna karɓar gaisuwa a falon nan. An lulluɓe kwamfutar da ɗankwali. Ina kuka don shi, idona yana komawa lungun. Wa zai shiga gidan makoki ya tambayi bidiyo?

Bayan an yi addu'ar bakwai mutane sun ragu, Hajiya Rabi ta kira ni. Ta ce, "Zo ki karɓi amanarki. Yadda ya bar ta haka take. Kullum sai ya zaunar da ni na kalla, har na iya kunnawa."

Hanyar garinmu ce ta fara fitowa, sai zaurenmu, sai tsakar gida. Na ji muryar Inna tana cewa, "Ni kam ba za a ɗauke ni ba." Na ji shi yana cewa, "To Inna, hannu kawai." Ashe ya wanko hotunanmu na ranar da muka kai yara bakin teku da bazara, ya tafi da su ban sani ba. Ya raba allon biyu: gefe ɗaya hannuwanta a kan tabarma, ɗaya gefen hoton da take riƙe da shi. Ta ɗauki na ɗana ta ce wannan mijin nata rowa gare shi, ko sabulu bai aiko ba. Ta ɗauki na ƙanwarsa ta ce kishiyarta ta yi ƙiba. Tana ajiyewa tana dariya.

Sai ta zo kan nawa. Dariyar ta tsaya. Bai yanke shirun ba, ya bar shi da tsawonsa. Ta goge hoton da gefen mayafinta, ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa. Ta ce, "Wannan ta rame." Bai tambaye ta komai ba, domin ya san in ya tambaya kunya za ta rufe bakin. Ta ɗaga gefen tabarma ta tura hoton ƙarƙashi, ba ta mayar masa ba. Can ƙasa-ƙasa, inda ya ƙara wa sautin ƙarfi don kada ya wuce ni, ta ce, "Allah ya yi mata albarka."

Nan allon ya yi baƙi. Nan aikinsa ya tsaya. Na kifa kaina a cinyar Hajiya Rabi, ita da ya kamata in rarrasa, ita ta koma rarrashina.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sa'idu, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi da ya zo mana ba sallama, ka zama gatansu a wannan ƙasa mai nisa, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Baba, ka ɗauko min albarkar uwata tun daga gida, ka tafi ban ce maka na gode ba. Allah ya biya ka da abin da ya fi ta. Amin.