Kawu Lawali da Baƙinsa na Intanet

Duk wanda ya san Kawu Lawali, wanda mutanen Agye ke kira Mushe, laƙabin malaman makarantar boko, saboda shekarun da ya yi yana koyarwa a lakol, ya san ba a gajarta masa gaisuwa. Ko gobara ka zo faɗa masa, sai ya tambaye ka kwana, da gajiya, da iyali, da lafiyar jakinka, sannan ya ce, “To, mi ke tafe da kai?” Ni ne Idi, ɗan ƙanwarsa, kuma ni nake buga masa rubutun da kuka riƙa karantawa a wannan zaure na masu son littafi. Wasunku sun nemi in ba da labarinsa. Zan bayar, amma daki-daki, kuma wanda ya ji haushi shi ya jawo wa kansa.

Na farko, yadda ya shigo cikinku. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce za su shirya zaɓe su mayar wa farar hula, wani tsohon ɗalibinsa ya ba shi labarin zauren nan, ya ce marubuta ne ke taruwa suna gardama. Kawu da jin gardama! Ya tasa ni gaba sai Maraɗi, don na iya buga takarda tun ina aiki a buro, wato ofis. Muka shiga siber, shagon da ake biya a hau intanet, ya zauna bayana ya gyara hula, ya nuna sunan farko a jerin 'yan zauren.

“Rubuta. Dattijon Arewa, ranka ya daɗe, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali.”

Na rubuta. Ya nuna suna na gaba.

Na ce, “Kawu, mutanen nan da yawa. A yi musu sallama ɗaya, ta wadatar.”

“Kai, Idi! Haka uwarka ta koya maka? Ka shiga zauren mutane ka yi musu gaisuwar jimla kamar mai sayen gyaɗa?”

Ba mu kai rabin sunayen ba lokacinmu ya ƙare, na'ura ta rufe. Mai siber ya ce a ƙara kuɗi. Kawu ya miƙe ya karkaɗe riga.

“Ba komai, mun gaisa. Magana sai wani zuwan.”

Gardamar da ya taho da ita tun daga Agye, sai da aka yi girbi aka kai gero rumbu sannan ta shiga intanet.

Na biyu, gayyata. Aka sanar za a yi baje kolin littattafai a Maraɗi, kuka ce a nan za a haɗu a ga juna ido da ido. Kawu ya sa na rubuta cewa in an tashi, kowa ya taho Agye a ci tuwon gidansa. Amsoshi suka zubo. “Muna tafe, Baba.” “Insha Allahu da ni.” Har wani mai kiran kansa farfesa daga Kano ya ce shi zai fara sauka.

Na ce, “Kawu, ‘muna tafe’ na intanet ba irin na gari ba ne. Kada ka ɗora tukunya a kansa.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “A rubuce fa suka sa, Idi. Mutumin da ya rubuta littafi guda zai yi ƙarya a layi ɗaya?”

Ya aro tabarmin masallaci. Ya gaya wa liman, ya gaya wa mai gari. Ya lallaɓa Inna Hajo, matarsa, ta ba da ragon da take kiwo don layya. Duk wannan da sauƙi. Inda ta ɓaci shi ne ƙofar shagon Alhaji Gambo, inda dattawan unguwa ke zaman hira bayan la'asar. Alhaji Gambo abokin wasansa ne, kuma bakinsa ba daɗi.

Ya ce, “Abokan Mushe na cikin akwati ne. Suna da baki, ba su da ƙafa.”

Kawu ya buga sanda a ƙasa. “In ban sauke su a ƙofar gidana ba, har da farfesa, na bar zaman bencin nan, kuma kada wanda ya sake ce mini Mushe!”

Ku da ba ku san shi sosai ba, bencin nan da sunan nan su ne dukiyarsa tun da ya bar aiki. Gona ma ta Inna Hajo ce.

Na uku, ranar baje kolin. Mun tafi da motar haya babu kowa a ciki, don a cika ta da baƙi a dawowa. Aka fara da jawabin wani babba daga buro, ya yi ta maimaita dimokuraɗiyya har rana ta yi zafi. Kawu ya bar shi ya faɗa rumfunan littattafai. A wata rumfa ya ɗauki wani littafin soyayya, ya lashi yatsa, ya tsaya yana karantawa. Da ƙafa ta gaji sai ya sa tsinke a inda ya tsaya, ya je ya sha ruwa, ya dawo ya ci gaba.

Mai rumfar, wani saurayi da matsattsen wando, ya ce, “Baba, saye za ka yi ko haya?”

“Ɗanɗanawa nake. Kai kana sayen kankana ba a yanka maka ba?”

Da ya kai ƙarshe ya rufe ya ajiye. “Allah ya taimake ni ban saya ba. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa son kowa ba.”

“Ni na rubuta, Baba. A zaure ni ne Dattijon Arewa.”

Kawu ya dube shi daga wando har suma. Wannan ne wanda ya shekara yana ce wa ranka ya daɗe!

“Dattijon ina? Je ka kirawo babanka, da shi nake magana.”

Sauran ma suka taru. Gaskiya kun yi murnar ganinsa, ba zan ɓoye ba. Kowa ya rungume shi, kowa ya ɗauki hoto da shi. Amma da ya ce bismilla, mota na jira, sai aka fara sosa ƙeya. Wannan motar Yamai za ta bar shi. Wancan yana da taron jam'iyya, an ce za a tsai da shi takara. Farfesa kuwa ko Jibiya bai ƙetaro ba, gaisuwa ya aiko. Wata baiwar Allah ta yi dariya ta ce, “Ayya Baba, ai mun ɗauka raha ce.”

Kawu ya ce, “Ɗiyata, a garinku rago ake yankawa a raha?”

Muka koma mota mu biyu da direba. Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Na huɗu, kuma a nan ina so a sani ban yarda ba, an fi ƙarfina ne. Muna isa tasha ya ce direba ya tsaya. Ya leƙa ta taga ya ɗaga murya kamar yaron mota.

“Cadawa, Agye, Gazawa! Kyauta! Da tuwo da nama a hanya!”

Kan ka ce mene ne mota ta cika. Ya zaro 'yan littattafan koyar da jefa ƙuri'a da ake rabawa kyauta a baje kolin, ya ba kowa ɗaya. Sharaɗinsa biyu: a riƙe littafi a hannu, kuma in an yi tambaya a gyaɗa kai a ce “lallai”. Cikinsu akwai wani ƙato mai babbar riga, Ɗan Jimma, dillalin awaki daga Gidan Rumji, za shi kasuwar Gazawa. Kawu ya cire tabaransa ya maƙala masa.

“Kai ne farfesa.”

“Mushe, ni ko sunana ban iya rubutawa ba.”

“Ba rubutu za a sa ka ba. Farfesa magana yake.”

Na ce, “Kawu, wannan ƙarya ce tsagwaronta.”

“Idi, ƙasar ma baki ɗaya riƙon ƙwarya ake yi mata. Waɗannan riƙon ƙwarya za su yi wa baƙina.”

Mun iske ƙofar gida cike, Alhaji Gambo a sahun gaba. Aka ci, aka sha fura, liman ya ce farfesa ya ɗan yi jawabi. Na sunkuyar da kai. Ashe ban san dillali ba! Duk abin da ya taɓa ji a rediyo ya juye musu, ya haɗa da na kasuwa. Ya ce ɗan takara kamar akuya ne, kada ka saya sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, ka kuma tambayi wanda ya yi kiwonsa. Wuri ya kaure da kabbara. Wasu har suka roƙe shi ya tsaya takarar majalisa.

Alhaji Gambo ya matso yana ƙanƙance ido. “Farfesa, kamar na taɓa ganinka a kasuwar Gazawa riƙe da igiyar bunsuru.”

Ɗan Jimma ya gyara tabarau. “Bincike nake, Alhaji.”

Inna Hajo kaɗai ce ba ta ruɗu ba. Ta kira Kawu cikin gida ta ce, “Malam, farfesanka ya shiga turkena yana taya akuyata. Ka fitar mini da shi.”

Washegari Kawu ya zauna bencinsa, ana ce masa Mushe, har ranar da ciwo ya kwantar da shi.

Da ya rasu a daminar da ta wuce, kun rubuta ta'aziyya mai yawa, wasu har da waƙa. Mun gode. Da yawanku kun ce kuna tafe. Na share zaure, amma ban ce a ɗora tukunya ba.

Ranar sadakar uku sai ga Ɗan Jimma tun daga Gidan Rumji, da tabarau ɗin nan a fuska, yana jaye da jar akuya ya kawo wa Inna Hajo. Ya durƙusa zai yi gaisuwa, kuka ya ci ƙarfinsa. Alhaji Gambo, wanda ya daɗe da gano komai bai taɓa faɗa ba, ya tashi daga kan tabarmarsa ya kama hannunsa.

“Sannu da zuwa, Farfesa. Zauna nan, wurin abokinka.”

Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya yafe masa wannan da sauran, ya haskaka makwancinsa. Ya Allah, baƙonka ne yanzu, ka karɓe shi fiye da yadda yake karɓar nasa. Amin.