Korayen Kwalabe a Gidan Ladan

Kwalba arba'in da uku na ƙirga cikin kwana tara. Dukansu koraye ne, irin na giya, kuma duk gidan maƙwabciyata Sa'adiyya suka shiga, matar Malam Mu'inuddeen ladanin layinmu a Sabo, cikin Ibadan. Wata Bayarabiya mai tsintar kwalabe, Iya Sakinat, ke kawo su daga unguwar Mokola a buhu. Ni kuma ina kan dakali ina tuyar awara, kunnena na kan ƙarar buhun, idona na kan wuyan kwalbar da ya leƙo.

Shekara shida muna katanga ɗaya da Sa'adiyya, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Shirun nan ne ma ya ƙara ba ni tsoro. Na faɗa wa mutum biyu kacal, kafin Juma'a mutum ashirin sun ji. Dattawan masallaci suka ce in har giya ake sha ko sayarwa a gidan, Malam ya ajiye kiran salla. Shekararsa goma sha ɗaya yana yi.

Ranar Asabar da hantsi na ce gani ya kori ji. Na yi sallama na shiga da hujjar aron rariya.

"Barakatu, rariya ce ko ƙirga kika zo yi?" in ji Sa'adiyya, ba ta ko juyo ba.

"Haba Maman Ikrima, ni ɗin?"

"Ke ɗin. Zo ki ga mashayar da kyau."

A bayan kicin akwai tukunyar gas da wani ƙarfe mai feso wuta shuɗiya. Ta kama guntun kwalba da awartaki, ta kara a wutar har ya yi laushi kamar alewa, ta ja, ta murɗa, ta danna da bayan wuƙa. Ban kai ƙirga ɗari biyu ba sai ga ganye, har da jijiyoyinsa. A gefe itacen goro ne na gilashi, tsayinsa ya kai ƙuguna.

Ta ce mahaifinta Banufe ne mai narka kwalba ya yi munduwa, tana yarinya ita ke masa zuga. Bayan rasuwarsa hannunta ya dinga ƙaiƙayi. Abu mai rai ba ta ƙerawa, sai tsiro.

"To me ya sa sai kwalbar giya?"

"Lemo duk ya koma roba. Nuna mini wata koriyar kwalba a Ibadan in saya. Sau bakwai nake wanke kowacce."

Ganyen ƙasa karkatattu ne, masu kauri kamar tafin hannu. Na sama kuwa rana na ratsa su. Na ce ta cire munanan mana. Ta ce a'a, da su ta fara, itace ba ya yar da gindinsa.

Ta ce kowace kwalba ganye ɗaya take yi da ita. Na ƙirga ganyen: arba'in da ɗaya.

"Saura biyu," na ce.

Ta miƙo mini hannunta na hagu. Tabon ƙuna biyu, sababbi. "Ga su nan. Fashewa suka yi."

Ni na kunna wutar tsegumin nan, don haka ni na ɗauki itacen a tire, taku ɗari da sittin zuwa ƙofar masallaci, ina kaffa-kaffa da kowane rami. Liman ya zagaya shi sau biyu, ya sunsuna ganye ɗaya. Wani dattijo ya ce ko ma mene ne, kwalbar giya ce. Liman ya ce an wanke, wuta kuma ta ci, amma daga yau a farfasa su tun a Mokola kafin su shigo Sabo.

Da azahar muryar Malam Mu'inuddeen ta tashi yadda ta saba. Buhun Iya Sakinat yanzu ɓaraguzai ne, ba ya ƙirguwa. Sai dai in shiga in ƙirga ganye. Jiya hamsin da takwas ne.